Hanyar Ruwa A Cikin Birni: Daga Ramukan Mosko Da Paris Zuwa Gwalalon Yamai

Ranar Lahadi 20 ga watan Agustan 2023, wasu mutum takwas suka sauka cikin magudanun ruwa da ke ƙarƙashin birnin Mosko na ƙasar Rasha. Ba ma'aikatan hukuma ba ne da aka aika gyara. 'Yan yawon buɗe ido ne da suka biya kuɗi, da wani jagora da ya shige musu gaba domin ya nuna musu hanyoyin ruwan da ke haɗe da Neglinnaya, wani ƙaramin kogi da aka rufe cikin ginin tubali tun farkon ƙarni na 19, birni ya ci gaba da gine-ginensa a kai. Suna can ciki sama ta kece da ruwa. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa ba ya ganin hadari, sai dai kawai ruwan dukan titunan da ke bisa kansa ya taru ya biyo ramin da yake ciki. Babu wanda ya fito da rai a cikinsu. A kwanakin da suka biyo baya aka riƙa tsamo gawarwakinsu, wasu a cikin kogin Mosko.

Mai karatu zai ce, me zai kai mai hankali cikin kwata? To, a manyan biranen Turai da Amurka da Ostireliya akwai mutanen da suka mai da wannan abin sha'awarsu. Suna shiga ramukan ruwa da fitila, su ɗauki hotuna, su zana taswira, su raɗa wa kowane rami suna. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce ƙungiyar Cave Clan, da wasu samari uku suka kafa a birnin Melbourne a 1986. A wurare da yawa doka ta hana irin wannan shiga, kuma ba a banza ba. Su kansu masu yin suna da ƙa'ida ɗaya da ba sa wasa da ita: in akwai alamar ruwa, ko da a can wani gefen gari ne, ba a shiga. Domin kuwa magudana ba ruwan unguwa ɗaya take ɗauka ba. Kana iya tsayawa a wurin da rana ke haskawa, alhali ruwan da aka sheƙa a nisan kilomita biyar yana tafe gare ka.

Bayan ruwa akwai iska. A rufaffen rami inda ƙazanta ke ruɓewa ana samun wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa takan kashe jin wari gaba ɗaya, mutum ya zaci ta wuce, sai ya yanke jiki ya faɗi. Wannan kam ba labarin Turai ba ne kaɗai. Ita ce ke halaka masu yasar masai da tsofaffin rijiyoyi a garuruwanmu, inda sau da yawa na biyu kan sauka don ceton na farko, shi ma ya tsaya a can.

Saboda haka ba don mu kwaɗaitar da kowa shiga rami muka kawo wannan labari ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, waɗannan mutane sun fahimci wani abu da mafi yawanmu ba mu damu da shi ba, wato kowane birni yana da hanyoyi iri biyu: waɗanda mutane ke bi, da waɗanda ruwa ke bi. Biranen da suka fi iya zama da ruwan sama su ne waɗanda suka san hanyoyi na biyun kamar yadda suka san na farko.

Babu inda wannan ya fito fili kamar birnin Paris. Daga shekarun 1850, wani injiniya mai suna Eugène Belgrand ya tsara magudanun birnin a kan wata manufa mai sauƙi: kowane titi ya samu ramin ruwansa a ƙasa, kuma ramin ya zama mai tsayin da mutum zai iya tafiya a ciki. Yau tsawonsu in an haɗa ya haura kilomita 2,000. A can ƙasa akwai allunan sunayen tituna daidai da na sama, har da lambobin gidaje a inda bututun kowane gini ya shigo, ta yadda ma'aikaci zai san a ƙarƙashin gidan wa yake tsaye. Tun 1867 hukuma ke shigar da baƙi su gani da idonsu, kuma har yanzu akwai gidan tarihin magudanun kusa da gadar Alma. Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin shi ne, babban abokin gabarsu shi ne namu: yashi. Sun gina ramuka na musamman a hanya inda yashi ke kwanciya a kwashe shi, sun ƙera jiragen ruwa da manyan ƙwallaye da ake tura laka da su, kuma suna da ma'aikata na dindindin waɗanda ba su da wani aiki sai wannan.

A Landan ma, a 2017, ma'aikata sun ci karo da wani dunƙulen daskararren mai da tsummokin goge jiki a ƙarƙashin unguwar Whitechapel, mai tsawon mita 250 da nauyin tan 130, wanda sai da aka shafe makonni ana farfasa shi. Mazauna Landan ba su fi mu iya zubar da shara ba ke nan. Bambancin shi ne an gano toshewar a lokacin zagayen dubawa na yau da kullum, kafin ta mayar da ƙazanta cikin gidajen mutane.

Yanzu mu dawo gida. Daminar 2024 ba za ta fita daga zukatan 'yan Nijar da wuri ba. Alƙaluman hukuma sun nuna kusan mutum 400 ne suka rasu, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafe su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. A Maraɗi, ranar Juma'a 30 ga Agusta, an samu ruwa milimita 150 cikin kimanin minti 90, mutum 15 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Hanyoyin shiga Yamai sun yanke na ɗan lokaci. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwan sun lalace, wasu kuma iyalai ne ke kwana a ciki.

Ɗalibai su ɗauki alƙalami mu yi ɗan lissafi, domin kalmar milimita tana ɓoye girman abin. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan fili mai murabba'in mita ɗaya daidai take da lita ɗaya. Gida mai murabba'in mita 300, in aka yi masa ruwa irin na Maraɗi, lita 45,000 ce ta sauka a kansa, wato ganga 225 mai lita 200, cikin sa'a ɗaya da rabi. A kan hekta ɗaya, lita miliyan ɗaya da rabi. Ruwan nan dole ya tafi wani wuri. Hanya uku kawai gare shi: ya nutse cikin ƙasa, ya samu inda zai kwanta, ko ya gudu.

A gona mai jigawa mafi yawansa nutsewa yake yi. A kan kwano da siminti da kwalta kuwa kusan duka gudu yake yi. Duk sanda ɗayanmu ya samu buɗi ya cire rufin laka ya sa kwano, ya daɓe tsakar gida da siminti, ya fitar da indararo waje, to ya gyara gidansa, amma ya ƙara wa maƙwabcinsa na gangare kaya ba tare da ya yi nufin cutar da shi ba. Yamai tana da kimanin mutum dubu 30 ne lokacin samun 'yancin kai a 1960. Ƙidayar 2012 ta same ta da kimanin miliyan ɗaya, kuma tun daga nan ba ta daina faɗaɗa ba. A lissafa yawan rufi da daɓen da aka ƙara a tsakanin, sannan a tambaya ko hanyoyin ruwa sun ƙaru daidai da haka.

Wani kuskure da ake yawan yi, har a bakin wasu masu magana da yawun hukuma, shi ne a haɗa komai a kira shi ambaliya, alhali ruwan da ke damun Yamai ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Akwai na kogi. Kogin Kwara yana cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar da ke zuwa daga tsaunukan Gini, wadda ke tafiya a hankali ta ratsa fadamun Mali, ta iso a lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu. Akwai kuma jar cika ta watan Agusta da Satumba, wadda ƙoramun Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, kuma ita ce mai zuwa da gaggawa. Ma'aunin kogin a Yamai in ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A watan Satumban 2020 ya kai 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan. Jingar da aka yi don kare unguwannin Harobanda ta fashe, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye, bai bar jami'ar Abdou Moumouni da asibitin Lamorde ba. Wannan ruwa ba yasar gwalalo ke tare shi ba. Maganinsa jinga mai ƙarfi da ake dubawa kowace shekara, da gargaɗi a kan lokaci, da barin wa kogi makwancinsa.

Na biyu shi ne na ƙorama, irin wadda ke bushe wata tara, ta tashi a dare ɗaya kamar an sako ta. Masu binciken ruwa sun daɗe da lura da wani abu mai ɗaure kai a yankin Sahel: bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu cikin ƙoramu ya ƙaru. Dalili shi ne itatuwa da ciyawa sun tafi, fuskar ƙasa ta daskare ta zama feƙo, ruwa ba ya samun shiga sai ya zarce, yana tafe da yashi. A cikin Yamai babbar hanyar irin wannan ruwa ita ce kwarin Guntu Yena, wanda ya ratsa tsakiyar birnin ya faɗa kogi ba nisa da gadar Kennedy. Tun kafin a kafa birnin yake nan yana aikinsa. Yau lambuna da gidaje da juji sun matse shi, ruwan wanke-wanke da na bayan gida kuma suna bin sa ko da rani. Shingen itatuwan dogon yaro da aka soma dasawa a kewayen birnin tun 1965, wanda zai iya rage gudun ruwa da yashi, shi ma an yanka wani ɓangarensa an mai da shi filaye.

A kan wannan kuma sai ga yanayin saukar ruwan ya canza. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadarai masu zubar da ruwa mai yawa a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wagadugu ta ɗanɗana tun ranar 1 ga Satumban 2009, lokacin da aka yi ruwa milimita 263 a yini ɗaya, har sai da aka kwashe majiyyata daga babban asibitin Yalgado. Gwalalon da aka auna da ruwan shekarun fari ba zai ɗauki ruwan yau ba ko da a share yake tas.

To, ba a share yake ba. Nan ne ruwa na uku, wato wanda ke sauka a cikin unguwa ya rasa mafita. Yamai, kamar Maraɗi da Damagaram da Tawa, ba ta da ramukan ƙarƙashin ƙasa irin na Paris. Abin da muke da shi gwalalo ne a gefen manyan tituna, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa lambatu ko kwata, wani a buɗe, wani an rufe shi da falankin siminti, unguwanni da yawa kuma ba su da ko ɗaya. Mafi yawan lungunanmu yashi ne, kuma kowane ruwa yana kwashe shi ya zuba a gwalalo. Masu ilimin ruwa sun san cewa gwalalon da yashi ya cinye rabin zurfinsa ba rabin ƙarfinsa kawai ya rasa ba, ya rasa fiye da haka, domin ruwa mara zurfi ba ya gudu kamar mai zurfi. Sannan magudana tamkar sarƙa take. Kilomita biyu a share, amma kwalbati ɗaya a toshe a can ƙarshe, to duk aikin ya tashi a banza, ruwan zai dawo baya ya nemi gidan da ya fi kowane ƙasa. Na taɓa bin wani gwalalo da ƙafa daga ƙofar masallacin unguwa don in ga inda ya ƙare. Bai ƙare a ƙorama ba, bai ƙare a wani babban gwalalo ba. A jikin katangar wani gida ya tsaya.

Kowa ya san maganar leda, kuma gaskiya ce. Bangaladash ta hana siraran ledoji tun 2002, bayan an gano rawar da suka taka wajen toshe magudanu a manyan ambaliyoyin ƙasar. Ruwanda ta hana a 2008 kuma ta tsaya a kan hanin. Nijar ma ta yi dokarta a 2014, amma wanda ya je kasuwa yau ya san inda dokar ta kwana. Sai dai ina ganin akwai rashin adalci a yadda ake ɗora wa talaka laifin duka. Uwar gida da ke da shara a hannu, babu motar kwasa, babu wurin zubawa na hukuma a kusa, mai amalanken da ta biya shi ma a bakin ƙorama zai juye, me ake so ta yi? Wa'azin tsafta yana da amfani, kuma malamai ba su gaza ba wajen yin sa. Amma wanda aka ce wa kada ka zuba nan, yana da haƙƙin a nuna masa inda zai zuba. Gwalalon da aka rufe da siminti ma yana da nasa sharrin: ido ba ya ganin cikinsa, masu shaguna su gina a kansa, masu gidaje su saka bututun wanka da na masai a ɓoye. Da rani ya zama gidan sauro, da damina ya amayar da abin da ke cikinsa a titi inda yara ke wasa, daga nan sai zazzaɓin cizon sauro da gudawa, wani lokaci har kwalara.

Duk sanda aka yi ambaliya, hotunan wani katafaren rami na ƙasar Japan sukan zagaya a WhatsApp da Facebook, ana cewa ga yadda ƙasashen kirki ke yi. Ramin gaskiya ne. Yana Kasukabe, arewa da Tokyo, an kammala shi a 2006. Tsawonsa kilomita 6.3, zurfinsa mita 50 a ƙarƙashin ƙasa, yana da manyan rijiyoyi 5 da ke karɓar rarar ruwan ƙananan koguna, da wani zaure mai ginshiƙai 59, da injinan da ke iya tura ruwa tan 200 a kowace daƙiƙa zuwa kogin Edo. Shi ma ana shigar da masu ziyara. Ya ci yen biliyan 230, kimanin dala biliyan biyu. Ko da wani ya ba mu shi kyauta, sai mun nemo lantarki ko man da zai juya injinan a tsakiyar hadari, da ma'aikatan da za su riƙa fitar da yashin Sahel daga zurfin mita 50. Birnin da ya kasa yashe gwalalo mai zurfin mita ɗaya, wanda ana ganin cikinsa daga tsaye, bai kamata ya fara mafarkinsa daga nan ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne tunanin da ƙasar Sin ta rungumi gwada shi a birane 30 daga 2015, wanda suke kira birnin soso: maimakon a kori ruwa da gudu, a bar masa inda zai kwanta ya nutse, a tafkuna da lambuna da daɓe mai shan ruwa. In an duba da kyau, kakanninmu sun yi haka ba tare da sun ba shi suna ba. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini a tsofaffin birane kamar Damagaram da Kano su ne ma'ajiyar ruwan unguwa. Mu ne muka cike su da shara, sannan muka sayar da wurin, sannan muka yi mamakin ganin ruwa a ɗakunan da aka gina a kai. Haka nan titunan da aka shimfiɗa wa tubalan siminti, irin waɗanda ake gani a Yamai da Tawa, suna yin aiki biyu: mota ta bi, ruwa ya bi, kuma yashin da ya taru a kai ana ganin sa a share. Sai dai kada a ɗauka wannan tsari ya gama magana. Birnin Zhengzhou na Sin ya kashe kuɗi mai yawa a kansa, amma ranar 20 ga Yulin 2021 aka yi ruwa sama da milimita 200 a sa'a ɗaya, ruwa ya cika layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutum 14 suka mutu a ciki. Akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowane gini, kuma a irin wannan rana abin da ke ceton rai shi ne a san wuraren da ke fara cika, a fitar da mutane tun da wuri.

'Yan uwanmu na zangon Ankara a Gana sun san wannan magana fiye da kowa. Babban gwalalon da ya ratsa Nima da Mamobi yana zuba ne a kogin Odo, shi kuma ya bi ta tsakiyar birnin zuwa tafkin Korle, ya faɗa teku. Daren 3 ga Yunin 2015, ruwa ya cika shatale-talen Kwame Nkrumah, mutane da yawa suka fake a wani gidan mai. Man fetur ya malalo a kan ruwan, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu a dare ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ma abin lura ne. Kafin watan ya ƙare motocin rusau sun shiga Old Fadama, unguwar talakawa da ke bakin tafkin, wadda da yawa daga mazaunanta 'yan ci-rani ne daga arewacin ƙasar, dubban mutane suka wayi gari ba matsuguni. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin kwarin Odo. Amma har yanzu da wuya damina ta wuce ba a ga ruwa a wannan shatale-tale ba, saboda yashi da sharar da aka yashe bana suna dawowa baɗi daga unguwannin da ke sama.

Babu mai musun cewa akwai gine-ginen da dole su tashi daga hanyar ruwa. Tambayar ita ce na wa ake fara rushewa, kuma ina ake kai shi. Bayan ambaliyar 2012 a Yamai an ba wasu iyalai filaye a Seno, amma da yawa suka koma bakin kogi, domin a can ne gonar shinkafa da lambu da kasuwa suke, wato a can ne abincinsu yake. Kuma ba duk wanda ya gina a kwari ne ya yi kutse ba. Wani da takardarsa a hannu, da sa hannu da hatimi. In za a rushe gidan, ya kamata a tambayi wanda ya yanka filin ya sayar, da wanda ya sa hannu. In ba haka ba, za a kori mai ɗakin kwano, bayan shekara biyar a ga bene a wurin.

Akwai wani misali daga Tanzaniya da nake ganin ya fi na Tokyo amfani gare mu. A birnin Darussalam, daga 2015, wani shiri mai suna Ramani Huria ya tara ɗaliban jami'ar Ardhi da na jami'ar Darussalam tare da mazauna unguwanni, da tallafin Bankin Duniya, suka zana taswirar unguwannin da ke yawan cika. Daga baya suka bi magudanun ruwa ɗaya bayan ɗaya da wayar hannu da abin awo, suna rubuta faɗi da zurfi, da irin ginin, da inda ya toshe, da inda ya yanke bai haɗu da komai ba. Suka ɗora bayanan a taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya buɗewa kyauta. Wannan ma binciken magudana ne, irin na samarin Melbourne, sai dai da rana ake yin sa, daga sama, da sanin hukuma, kuma abin da aka samo yana isa ga masu tsara gari.

Ba na ganin abin da zai hana a yi irinsa a nan, ko da ba tallafin kowa. Muna da ɗaliban labarin ƙasa da na injiniya da ke neman abin da za su rubuta a kai. Muna da kwamitocin masallatai, waɗanda babu wata hukuma da ta kai su sanin unguwa, tunda sau biyar a yini suke haɗuwa. Muna da dattawan da suka san inda tsohon tafki yake kafin a gina a kansa, da inda ruwa ya kai a 2012 da 2020 da 2024. Wannan sani yana cikin kawunan mutane, kuma kowace shekara muna binne wani ɓangarensa. In matasan unguwa suka ɗauki littafi da igiyar awo a watan Maris ko Afrilu, suka bi gwalalonsu tun daga farko har inda ya zuba, suka rubuta kowace toshewa da kowane falankin da ya karye, suka sa alama a bango inda ruwa ya tsaya bara, to wakilan da za su je wurin magajin gari ba da koke za su je ba, za su je da takarda mai cewa kwalbati kaza a mahaɗa kaza ita ce matsalar. Irin wannan buƙata ta fi wuyar kaucewa. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya shiga rufaffen gwalalo ko kwalbati mai tsawo, kada a tura yara, kada a taɓa laka ba safar hannu da takalmi, kuma da zarar an ga hadari a tashi.

Gayyar yasar gwalalo kuwa, wadda unguwanni da ƙungiyoyin matasa ke yi, aiki ne mai kyau da yake yawan lalacewa ta hanya biyu. Ta farko, ana yin ta a watan Agusta bayan ruwa ya riga ya shiga gidaje, maimakon watan Mayu. Ta biyu, kowace unguwa tana share gabanta kawai, na sama su riga na ƙasa, sai ruwa ya samu hanya mai santsi ya sauko da ƙarfi ya tarar da toshewa. Daga ƙasa ake fara yasa, daga inda ruwan ke zuba, a yi sama, wanda ke nufin sai limamai da masu unguwanni na layi ɗaya sun zauna sun tsayar da rana tare. Kafin a ɗaga shebur na farko kuma a tabbatar an tanadi amalanke ko mota da wurin da za a kai abin da aka kwaso. Tulin yashi da ledar da aka jera a bakin gwalalo aka ɗauki hoto aka watse, ruwan farko na watan Yuni ne ke mayar da shi ciki.